TSOHON BABUR A ƘASAR KAJURU: A DUBI LAMBA KAFIN A ƘIRGA KUƊI

Duk ɗan Arewa mazaunin Ikko ko Badun ko Fatakwal wanda ya taɓa zuwa ganin gida ta hanyar Kaduna zuwa Kafanchan, ya san cewa da zarar mota ta wuce Kujama ta doshi Kasuwan Magani da Kufana da Idon, to, babur shi ne sarkin hanya. Shi ke kai buhun masara daga gona zuwa bakin titi, shi ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, shi ne kuma ke kai malamin makaranta ƙauyen da mota ba ta iya shiga da damina. Ranar Alhamis kuwa, ranar da kasuwar Kasuwan Magani ke ci, baburan da ke jere a bakin hanya sun fi gaban a ƙirga.

A cikin waɗannan babura, galibi sababbin yayi ne na Indiya da na Sin. Amma jefi-jefi mutum yakan hangi wani tsohon ƙarfe, Honda ko Yamaha ko Suzuki ko Vespa, wanda ya girmi mai tuƙa shi. Waɗansu kuma suna nan jingine a zauruka da rumfunan makanikai, ƙura ta rufe su, suna jiran mai saye. Masu sayen ba su ƙare ba, kuma da yawansu 'yan'uwa ne mazauna Kudu waɗanda suka zo gida hutun Salla ko na Kirsimeti da ɗan abin da suka tara. Wani yana son irin babur ɗin da mahaifinsa ya hau, wani yana neman mai ƙarko ne kawai, wani kuma ya ji labarin cewa akwai masu sha'awar tsofaffin kaya da ke biyan kuɗi mai tsoka.

Abin da ke jawo wannan bayani shi ne, yawancin masu saye sukan tsaya ne kan ƙarar inji da ƙyallin fenti da lafiyar taya, su manta da abu guda wanda ya fi waɗannan duka muhimmanci, watau lambobin da kamfani ya buga a jikin ƙarfen. Wanda ya biya kuɗi bai dube su ba, ya yi cinikin biri a sama, kuma mai yiwuwa ne ya sayo wa kansa kwana a caji ofis.

YADDA BABURAN SUKA SHIGO

Tsofaffin baburan nan suna da tarihi. A shekarar 1974 ne kwamitin Cif Jerome Udoji ya miƙa wa gwamnatin Janar Yakubu Gowon rahotonsa kan albashin ma'aikata, kuma a farkon 1975 aka biya ƙarin tare da bashin watannin baya tun daga Afrilu 1974. Kuɗi suka shiga hannun ƙananan ma'aikata a dunƙule. Malaman makaranta da malaman asibiti da malaman gona da akawuna suka ajiye kekuna suka koma babur.

Kudancin Kaduna ya sami rabonsa na wannan yayi. Kafanchan gari ne na ma'aikatan reluwe tun lokacin da layin dogo na Fatakwal ya haɗu da na Kaduna da na Jos a 1927, ga kuma makarantun mishan da suka yaye malamai da yawa a Kagoro da Kwoi da Zonkwa. Manoman citta na Kachia da Jaba su ma in kasuwa ta yi kyau sukan shigo da sabon babur gida. Ƙasar Kajuru, wadda a lokacin ba ta zama ƙaramar hukuma mai cin gashin kanta ba, sai a zamanin Janar Sani Abacha da aka cire ta daga Chikun, tana kan wannan hanya, saboda haka duk abin da aka yi yayi a Kaduna ko Kafanchan ba ya wuce ta.

Baburan zamanin su ne ƙaramar Honda ta C50 da C70, da Benly, da CD175, da Roadmaster, da CG125 wadda kamfanin ya fito da ita a 1975 musamman domin ƙasashe masu munanan hanyoyi. Akwai Yamaha YB100 da Suzuki A100 masu shan fetur da baƙin mai tare, akwai kuma Vespa ta Italiya, abin hawan dattawa da manyan malamai. Daga baya har aka riƙa haɗa waɗansu a cikin ƙasar nan: Honda ta kafa kamfaninta a Ota ta Jihar Ogun a 1979, kamfanin Boulos yana haɗa Suzuki a Ikko, sashen Yamaco na kamfanin John Holt kuma yana haɗa Yamaha.

To, sai aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, darajar Naira ta faɗi, sabon babur ya gagari talaka. Daga nan ne makanikai suka ƙware wajen raya matacce: a ciro inji daga wannan a ɗora wa wancan, a yanko wuya daga wani a liƙa wa wani. Da baburan Sin masu araha suka cika kasuwa wajen ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon 2000, sai ya zama ana ɗora injinsu a kan tsohon shasin Japan. Saboda haka babur ɗin da ya shekara arba'in ko hamsin a hanya, da wuya a same shi yadda ya fito daga kwali. Lamba ce kaɗai ke iya faɗin gaskiyar abin da ya same shi.

LAMBA BIYU, WURI BIYU

Kowane babur yana da lamba biyu waɗanda kamfani ya buga da ƙarfe a kan ƙarfe. Ta farko ita ce lambar shasi, watau ƙashin bayan babur wanda kome ke rataye a kansa. A yawancin baburan Japan tana jikin wuya, inda kan babur ke juyawa, sai an karkata kan gefe guda za a gan ta sosai. A ƙaramar Honda irin su C70 kuwa tana jikin bodi ta gefen hagu. A Vespa sai an cire murfin gefe sa'an nan a same ta.

Ta biyu ita ce lambar inji, wadda ke kan tukunyar injin kanta, sau da yawa ta gefen hagu kusa da abin taka giya, ko kuma a sama bayan silinda. Lambar da ke rataye a bayan babur, wadda ofishin lasin ke bayarwa, ba ta cikin wannan lissafi, domin da sukudireba ɗaya ake cire ta. Balle ma an sha sauya tsarinta: tsohuwar mai farawa da KD ta wuce tun farkon shekarun 1990, aka kuma sake sabon fasali a 2011.

Kowane kamfani da irin nasa tsari, kuma rashin sanin wannan yakan sa mutum ya ƙi babur mai gaskiya ko ya karɓi na ƙarya. A tsohuwar Honda, lamba takan fara da sunan samfurin, sa'an nan jerin alƙaluma su biyo. Ta inji takan ƙara harafin E bayan sunan. Alal misali, in shasi ya fara da CD175, inji zai fara da CD175E. In C70 ne, inji C70E. Amma alƙaluman da ke biye ba lalle su zama iri ɗaya ba, domin Honda ba ta saba daidaita su ba. Haka abin yake ga Suzuki. Yamaha kuwa ta shekarun 1970 galibi lambar inji da ta shasi ɗaya ce, saboda haka in suka saɓa, alama ce an taɓa sauya ɗayansu.

Vespa tana da nata salo. Lambar shasi takan fara da haruffa masu ƙarewa da T, ta inji kuma da M, daga kalmomin Italiyanci na shasi da inji. Vespa Sprint 150 tana ɗauke da VLB1T a shasi da VLB1M a inji. Super 150 kuwa VBC1T da VBC1M. Har wa yau kamfanin Piaggio yakan buga alamar tauraro a farkon alƙaluman da ƙarshensu, don kada wani ya ƙara ko ya rage. Wannan yana da amfani ƙwarai, saboda kamfanin Bajaj na Indiya ya daɗe yana ƙera babur mai kama da Vespa kamar an tsaga kara, kuma sauya tambarin gaba aikin minti biyar ne.

Akwai wata alama da ke saurin tona asiri. Injin Sin yana da nasa haruffa. In mutum ya ga lambar inji ta fara da 156FMI ko 157FMI, to, injin Sin ne mai ƙarfin 125, ko da an rubuta Honda a murfinsa. In ya ga 1P50FMG ko 1P52FMH a kan ƙaramin babur, shi ma haka. Ba laifi ba ne a hau irin wannan babur, kuma yana iya yin aiki lafiya, amma ba shi ne za a biya wa kuɗin asalin Honda ta Japan ba.

LAMBA MAI GIDA GOMA SHA BAKWAI

Daga 1981 Amurka ta wajabta wa masu ƙera motoci da babura lamba mai gida 17, wadda ake kira VIN, sannu a hankali kuma duniya ta bi. Wannan lamba tana da ƙa'idodi da kowa zai iya riƙewa. Ba a sa haruffan I da O da Q a cikinta, don kada su rikice da 1 da 0. Gida uku na farko suna nuna ƙasa da kamfani: J ta Japan ce, L ta Sin, MD2 kuma Bajaj ce ta Indiya. JH2 Honda ce ta Japan, JYA Yamaha, JS1 Suzuki. Gida na goma a yawancin kamfanoni yana nuna shekarar samfuri: A ita ce 1980, B 1981, haka har Y a 2000, daga nan 1 zuwa 9 su ne 2001 zuwa 2009, sai aka sake komawa A a 2010.

Amfanin sanin wannan ga mai neman tsohon babur a fili yake. Wanda aka ƙera a 1975 ba zai zo da lamba mai gida 17 ba. In dillali ya rantse cewa babur na zamanin Udoji ne, amma wuyansa na ɗauke da doguwar lamba mai farawa da L, to, magana ta ƙare. Sai dai a lura, waɗansu baburan da aka ƙera domin kasuwannin Afirka da Asiya sun ci gaba da gajeriyar lamba har bayan 1981, saboda haka gajeriyar lamba ita kaɗai ba ta tabbatar da tsufa.

YADDA AKE DUBAWA

Wannan aiki ba ya bukatar ilmin boko mai zurfi. Kayan aikin su ne tsumma da ɗan kananzir da tsohon burushin haƙori da tocila da alli da takarda da fensir da ɗan mayen ƙarfe. A yi shi da rana tsaka a fili, ba da magariba ba, ba kuma a cikin zaure mai duhu ba.

Da farko a wanke wurin da kananzir har giris da laka su fita. Kada a sa samfefa ko wuƙa, domin mai kankarewa yana ɓata shaidar da yake nema. Sa'an nan a haska tocila daga gefe, a kwance, yadda kowane rami da kowane tudu zai yi inuwa. In lambar ta dushe, a goga alli a kai a share da yatsa, farin zai zauna cikin ramukan. A ɗora takarda a goga fensir a hankali, lambar za ta fito, a ajiye wannan takarda. A kuma ɗauki hoto da waya.

Lambar kamfani tana da kamanni. Alƙaluman girmansu ɗaya, zaninsu ɗaya, tazarar da ke tsakaninsu kusan ɗaya, kuma duk 3 da ke ciki tana kama da 'yar'uwarta 3. Fatar ƙarfen da ke ƙarƙashinsu iri ɗaya ce da ta kewaye. Gaskiya ne cewa a tsofaffin babura akan sami wani alƙalami ya ɗan fi wani nutsewa, ko ya ɗan karkace, saboda haka hanya mafi kyau ita ce a nemi wani babur irinsa wanda aka san asalinsa, a gwada su gefe da gefe. Tsohon bakanike da ya shekara talatin yana kwance irin injin nan, da kallo ɗaya yakan gane.

Alamun taɓi kuwa ga su. In aka shafa yatsa aka ji wurin lambar ya yi kwari, ya faɗa ƙasa da kewayensa, an goge tsohuwar lamba da magagari ko injin gurza. In tukunyar inji duk tana da kaushi amma wurin lambar kaɗai ya yi santsi yana ƙyalli, ko ana ganin ƙananan layuka duk sun nufi gefe guda, hannu ya taɓa. In babur duk ya tsufa amma wuyansa kaɗai ke da sabon fenti mai kauri, a tambayi dalili. In akwai tabon walda da ya kewaye lambar kamar faci a riga, an yanko ta ne daga wani babur aka dasa. A bi wuyan da mayen ƙarfe: inda ya ƙi kamawa, an cike da ƙullun gyaran bodi an rufe da fenti. Wannan dabara ta shasi ce kawai, domin tukunyar inji ta alminiyam ce, maye ba ya kama ta tun asali.

Masu gaggawa ba su goge lamba duka, sai su gyara alƙalami ɗaya ko biyu. Sukan mai da 3 ta zama 8, ko 1 ta zama 4 ko 7, ko 6 ta zama 8. Irin wannan alƙalami yakan fi sauran kauri ko zurfi, wani lokaci kuma akan ga inuwar na farko a ƙarƙashinsa. Ƙaramin allon ƙarfe da ake maƙalawa da ribit shi ma ba abin dogara ba ne shi kaɗai. In allon ya tsufa amma ribit ɗinsa sababbi ne, an ciro shi daga wani wuri.

Ya kamata mai saye ya san cewa goge lamba ba ya kashe ta. Lokacin da kamfani ya buga ta, ƙarfen da ke can ƙarƙashi ya danne, ya sauya hali. Masu binciken kimiyya na 'yan sanda a ƙasashe da dama sukan goge wurin ya yi sumul, su shafa wani ruwan asid, sai tsohuwar lambar ta bayyana kamar fatalwa, domin ruwan ba ya cin dannannen ƙarfe daidai da sauran. Ashe ramin ƙarya ƙurarre ne ko a jikin ƙarfe.

Wannan matsala ba ta Nijeriya kaɗai ba ce. A Turai da Amurka masu sha'awar Vespa sun daɗe suna kokawa da waɗanda ake sake haɗawa a Biyetnam da wasu ƙasashen Asiya, inda akan haɗa guntayen shasi biyu ko uku da walda, a lulluɓe da ƙullu da fenti mai walƙiya. A can, babur da inji da shasinsa suke na asali yakan fi wanda aka haɗa tsada nesa ba kusa ba. A nan kuwa, abin da ke kan gaba ba tsada ba ce, 'yancin mutum ne.

ABIN DA DOKA TA CE

Tsohuwar dokar Final Kod ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta tanadi a sashe na 317 cewa wanda ya karɓi kayan sata ko ya riƙe su da rashin gaskiya, alhali ya sani ko yana da dalilin zaton na sata ne, ana iya ɗaure shi har shekara 14. Jihar Kaduna ta yi sabuwar dokarta a 2017, kuma laifin yana nan a cikinta. A Kudu ma, sashe na 427 na dokar Kiriminal Kod ya tanadi ɗauri mai tsawo ga mai karɓar kayan sata. Kalmar da za a riƙe ita ce "dalilin zato". Lambar da aka goge, da farashin da ya faɗi ƙasa da kima, da ciniki cikin dare ba takarda, duk abubuwa ne da mai gabatar da ƙara zai jera a gaban alƙali.

Ko da kotu ta yarda mai saye bai sani ba, asara tana nan. Ƙa'ida ita ce ɓarawo ba ya mallaka wa wani abin da ba nasa ba. In mai babur na asali ya zo da takardunsa lamba ta yi daidai, zai karɓi abinsa, mai saye kuma ya bi wanda ya sayar masa ya nemi kuɗinsa. Haka hukuncin yake a fiƙihun Malikiyya da kotunan Shari'a ke bi. To, in mai sayarwa baƙon kasuwa ne wanda ba a san gidansa ba, wa za a bi? Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya, amma sau da yawa a hannun mai tsautsayi ranar ke faɗuwa.

Bugu da ƙari, halin tsaro ya sa babur ya zama abin sa wa ido. 'Yan bindigar da suka addabi ƙauyukan Kajuru da Chikun da Kachia da Birnin Gwari a kan babura suke yawo, kuma babur yana cikin abin da sukan ƙwace. A ƙarshen Satumba 2021 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta hana hawan babur a jihar na tsawon wata uku a matakin farko, bayan ta dakatar da kasuwannin mako a waɗansu ƙananan hukumomi har da Kajuru. Waɗannan matakai sun wuce, amma sun nuna yadda hukuma ke kallon lamarin. Mutumin da soja ya tare a shingen bincike da babur mai gogaggiyar lamba, tambayar da za a yi masa ta wuce ta sata.

TAKARDU DA SHAIDU

Bayan an gamsu da ƙarfe, sai takarda. A ɗauki rasit na asali in yana nan, da lasin, da takardar shaidar mallaka, da ta inshora, a gwada su da lambobin da aka kwafo, harafi bayan harafi. Kada a karanta daga takarda a nema a ƙarfe, domin ido yakan ga abin da aka gaya masa. A karanta daga ƙarfe, wani na riƙe da takarda yana dubawa.

Tsohon babur sau da yawa takardunsa sun ɓace, ko gara ta ci, ko gobara ta cinye. Wannan ba ya nufin na sata ne. A irin haka mai shi ya je kotu ya yi takardar rantsuwa, ya kuma kai rahoton ɓatan takardun ga 'yan sanda su ba shi shaida, da sunansa, kafin ciniki. Haka kuma in an taɓa sauya inji, a nemi rasit na injin, ko daga Panteka ta Kaduna aka sayo shi ko daga Nnewi, a kuma rubuta sabuwar lambar a cikin takardun.

Akwai kuma maganar gado. Babur na zamanin Udoji, mai shi na farko sau da yawa ya riga mu gidan gaskiya. In ɗa ɗaya ya fito da shi kasuwa ba da sanin sauran magada ba, rigima tana gaba. A tabbata an raba gadon ya faɗo a kasonsa, ko kuma manyan gidan su sa hannu.

Sa'an nan a rubuta yarjejeniya. Ta ƙunshi sunan mai sayarwa da na mai saye da adireshinsu, da lambar katin ɗan ƙasa, da samfurin babur da launinsa, da lambar shasi da ta inji da ta lasin, da kuɗin da aka biya da ranar. Shaidu biyu su sa hannu, kuma ya fi kyau a ce mai unguwa ko shugaban makanikan wurin yana ciki. Dillali ya ci la'adarsa, amma shi ma ya sa hannu, domin dillalin da ya ƙi a rubuta sunansa ya san abin da ya taka. Kafin a miƙa kuɗi, a je ofishin 'yan sanda mafi kusa tare da mai sayarwa a duba ko an taɓa kai rahoton satar wannan lamba. Rundunar tana da rajistar ababan hawa ta ƙasa domin irin wannan. Hukumar kiyaye haɗurra ta tarayya, wadda aka kafa a 1988, ita ma tana da rumbun lambobin lasin. Mai gaskiya ba ya gudun wannan tafiya. Daga ƙarshe a je ofishin lasin a mai da sunan mai saye, kada a bari sai an dawo wata shekara.

HANYAR KOMAWA KUDU

Wanda zai tafi da babur wurin sana'arsa yana da sauran aiki. Ko ta Keffi da Abuja da Lakwaja za a bi zuwa Badun da Ikko, ko ta Akwanga da Lafiya da Makurɗi zuwa Inugu da Fatakwal, shingayen bincike ba su ƙirguwa. In a kan babbar mota za a ɗora shi tare da buhunan citta ko masara, a ba direba hoton takardun, na asali kuma su zauna a hannun mai shi.

Mazauna Ikko su tuna cewa gwamnatin jihar ta hana acaɓa daga 1 ga Yuni 2022 a ƙananan hukumomin Ikeja da Surulere da Eti-Osa da Apapa da Lagos Island da Lagos Mainland, ta ƙara Kosofe da Oshodi-Isolo da Shomolu da Mushin a watan Satumba na shekarar, kuma an murƙushe baburan da aka kama da yawa a bainar jama'a. Baƙo mai babur a irin wannan gari, takardunsa su ne danginsa. In sun yi daidai da ƙarfe, Sarkin Hausawa ko shugaban ƙungiya zai iya tsaya masa da ƙarfin gwiwa. In sun saɓa, ba mai iya buɗe baki.

Haka nan wanda ba zai sami zuwa gida ba, ya aika kuɗi a saya masa, kada ya wadatu da hoton babur an wanke shi yana ƙyalli. Ya ce a turo masa hoton lambar wuya da ta inji da na takardu, ya zauna ya gwada da kansa, ya kuma wakilta wanda ya san ƙarfe, ba wanda ya san ciniki kawai ba.

Duk wannan bincike bai fi aikin yini ɗaya ba, kuɗinsa kuma bai wuce na kananzir da ɗan abin goro ga bakanike ba. Babur ɗin da ya jira shekara arba'in a zaure zai iya ƙara jiran kwana ɗaya. In mai sayarwa ya ce sauri yake yi, akwai wani mai saye a bayan gida, to, a bar masa kayansa. Araha ba ta ado, kuma gumin shekara guda a Kurmi ya fi ƙarfin a zubar da shi a kan lambar da ba a karanta ba. Allah ya tsare dukiyar jama'a da mutuncinsu, amin.